Alƙalin Kaka Bitrus

Zariya,
4 ga Yuni, 2023.

Taubashiyata Zipora,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji, da fatan kina lafiya, ke da mai gidanki Philip da yara. Yaya ƙafar Kawu Samuel? Inna ta ce tun Ista bai leƙa gona ba. Ki ce masa 'yar ƙanwarsa ta ce ya rage taurin kai ya sha maganinsa. Ni lafiyata lau, sai murar da ruwan farko ya kawo.

Na zaɓi takarda ne don na san halinki da waya. In kin ɗauka kifi na ƙonewa, in ba ki ɗauka ba babu sabis. Mamuda direba ya yi alkawarin miƙa miki hannu da hannu.

Maganar hotunan nan biyu ce da Baturen safiyo ya bar wa Kaka Bitrus lokacin da yake masa kuku, kafin a tare ruwan Kainji. Kin san rabon da Kaka ya yi: ni Uwargida mai doguwar riga, ke Alƙali mai farar hular gashi. Na kai tawa wurin aikinmu, ɗakin ajiye kayan tarihi, Madam Rachel da ke koyar da zane ta gani ta kusa faɗuwa daga kujera. Ashe ba hoton kyamara ba ne. Wani gwanin mai zane ne ya fara zana mutanen da fenti, daga baya wani ya kwaikwayi zanen a kan farantin tagulla, yana ƙarta shi layi-layi da ƙarfe mai tsini. Sai a shafa tawada a danna a takarda. Ta ce ya haura shekara ɗari biyu. Rubutun nan na ƙasa da muka kasa karantawa muna yara sunayensu ne: mai zane a hagu, mai ƙarta a dama, sunan wanda aka zana kuma a tsakiya. Alƙalinki kuma ba alƙali ba ne, wani basaraken Ingila ne, Uwargida matarsa ce. Shi ya sa in an jera su suke kallon juna.

A watan Satumba za mu yi nunin tsoffin hotuna, ana so a rataye su tare da labarin Kaka. Ki aiko mini da shi ta hannun Mamuda, ki naɗe shi da bargo. A nan za a adana shi yadda ya kamata, don damshin bakin tafki da hayaƙin banda suna cin takarda.

Ki sa mini ɗan busasshen kifi a ciki, in rowar ba ta motsa ba.

Taki,
Dorcas.

Wara,
15 ga Yuni, 2023.

Malama Dorcas,

Na gaishe ki, na gaida Gwaggo Mary in kun yi waya. Muna lafiya. Ƙafar Baba ta sace, ya koma gona, maganin kuma yana ƙarƙashin katifa inda ya ɓoye shi. Ƙaramar ɗiyata ta yi zazzaɓi kwana uku, ta warke.

Wagga takarda taki na karanta ta sau huɗu. Na farko na yi dariya. Na huɗu Philip ya ce in aje ta kafin in yaga.

Yadda ya kamata. To, madalla. Ashe shekara biyu da rasuwar Kaka ina riƙe da wanga hoto yadda bai kamata ba, ban sani ba sai da aka aiko mini daga Zariya. Hayaƙin bandan da kike faɗi, shi ya sayi katifar da Kaka ya cika a kanta. Kifinsa kuma kike son in sa miki a cikin bargo. In wasan taubasantaka ne kike yi, wanga karon ya taɓa ƙashi.

Bari in tuna miki, tunda karatu ya cika miki kai. Tare muka gama sakandare, kuma ke kin sani na fi ki lissafi. Da Kaka ya kwanta aka duba cikin jikoki, aka ce ɗiyar ɗa ita ke zama gida, ɗiyar ɗiya ta tafi makaranta. Shekara shida ina juya tsohon nan, ina wanke shi, ina dama masa kunu sau uku kafin ya yarda ya sha ɗaya. Ke kina zuwa Kirsimeti da burodi mai yanka-yanka, ya riƙa nuna ki ga baƙi yana cewa ga jikarsa ta jami'a. Ni ina bayan ɗaki ina wanke fo.

Da aka zo rabo mi na samu? Ke aka ba ki kyakkyawa mai wuya kamar na barewa, da furanni a hannu. Ni aka ba ni tsoho mai kumburarren goshi da baki a turɓune, kamar an kawo masa miya ba gishiri. Ranar nan na shiga ɗaki na yi kuka, ba don takarda ba. Na ga dai yadda Kaka ya auna mu, ya ba kowa abin da ya ga ta dace da shi. Ban taɓa gaya wa kowa ba, yau na gaya miki.

Duk da haka na rataye shi a falo, ina goge masa gilashi kowace Asabar. Mummuna ne, amma nawa ne. Shi kaɗai ne abin da zan nuna in ce Kaka ya tuna da ni. Yanzu da wata Madam ta ce yana da daraja, sai ga takarda da zaƙin baki. Ki tsaya gaban manyan mutane da su biyun kina ba da labarin kakanki, a tafa miki, ni kuma a bar ni da ƙusa a bango.

Ba ni aikowa. Uwargida ta saba zama ba miji, ta ƙara haƙuri. Kifin dai na ba Mamuda, don kada ki ce rowa ce.

Zipora.

Wara,
20 ga Yuli, 2023.

Dorcas,

Muna lafiya, ruwa ya yi yawa, gero ya yi kyau. Ina fata ke ma lafiya ce ta hana ki amsa mini.

Sati biyar ke nan ba takarda. Na ga kiranki a waya, ban ɗauka ba, don a waya kina katse ni da Turanci. Na ce a raina in kina da magana ki rubuta kamar yadda kika fara. Shiru. Na gane, amsa wa mai banda ɓata biro ne.

Amma na gan ki. Hansatu maƙwabciyata ta nuna mini tallar nuninku a wayarta: ga ki cikin jan leshi, ga Uwargida a sabon firam mai ruwan zinariya, fes da ita, an rubuta a ƙasa wai jikar Bitrus mai adana tarihin gidansu. Jikar! Sai ka ce mu sauran a kasuwa aka tsinto mu. Hansatu ta ɗaga kai ta dubi Alƙalina a bango, da firam ɗinsa da gara ta fara ci, ta ce ai kuwa kowa da nasa rabo. Ba ta faɗa da mugunta ba, amma wuni na yi ban ci abinci ba. Ina jin kishinki, Dorcas, na faɗa, ki rubuta ki aje. Tun muna yara nake ji.

To, albishirinki. Na adana shi, kuma ba sai na je jami'a ba.

Na sauke shi na ɓamɓare ƙusoshin baya, duk sun yi tsatsa. Da na fitar da shi na ga gaskiyarki a wuri ɗaya: jajayen ɗigo-ɗigo sun fito masa a goshi da kumatu. Na samu auduga da ɗan ruwan bilic, irin wanda nake cire tabo da shi a fararen kayan coci, na bi su ɗaya bayan ɗaya a hankali. Suka fita. Da safen ranar kasuwa na sa shi tsakanin kwali biyu na shiga jirgin ruwa na Yelwa, na rungume shi a ƙirji har muka sauka.

Kin san yadda muke yi da duk takardar da muke ji da ita a nan. Takardar baftisma, ta aure, sakamakon jarrabawa, duk laminetin ake musu, a manne su cikin leda da zafi, ko cikin tafki suka faɗa ba abin da zai same su. Takardata ta sakandare ma haka na yi mata, ga ta nan sabuwa ko da ba ta yi mini amfani ba. Na je wani shagon fotokwafi kusa da tasha. Mai shagon ya gwada, ya ce hoton ya fi bakin injinsa faɗi. Na ce to a yi yaya? Ya ce gefen ai duk ya yi ja, ba kowa a ciki, a rage shi. Na ce rage. Ya datse gefe huɗu, har da rubutun nan na ƙasa mai kama da tafiyar tsutsa, ya share ya zuba a kwando. Ya ce takardar da ɗan sanyi-sanyi, ko in bari ta sha iska. Na ce jirgi ba ya jira na. Ya ƙara wa injin wuta ya tura.

Yanzu Alƙali yana ƙyalli, ya fi Uwargidanki. Ruwa ba ya taɓa shi, hayaƙi ba ya taɓa shi, har da soso zan iya wanke shi. Fuskar ta ɗan yi fari-fari kamar gajimare, da 'yan ƙuraje na iska, amma mai shagon ya ce in ya huce zai washe. Ki gaya wa Madam ɗinki mutanen Wara ma sun iya ajiya.

Zipora.

Zariya,
29 ga Yuli, 2023.

Zipora,

Ina fata kuna lafiya. Ni ba zan ce lafiya nake ba.

Na amsa miki tun ranar ashirin ga Yuni. Motar Mamuda ta lalace a Kwantagora, ya bar ta wurin makaniki da takardata a cikin aljihun gaba, ya hau wata. Jiya ya dawo mini da ita da maiƙo a jiki, tare da taki. A ciki na ba ki haƙuri kan maganar hayaƙi. Na ce ki riƙe shi, na fasa, abu ɗaya kawai nake roƙo: kada ki fitar da shi daga firam, kada ruwa ya taɓa shi. Sau tara na kira ki.

Na tambayi Madam Rachel ko ana iya ɓare ledar. Ta ce a'a. Gam ɗin ya shiga cikin takardar, in an ja zai taho da tawadar. Bilic kuma zai ci gaba da cin wurin a ciki, tunda an rufe shi da danshinsa. Farin nan ba zai washe ba. Sunayen da aka datse sun tafi ke nan, ba mai iya cewa ga wanda ya zana, ga wanda aka zana. Ta fita ta bar ni a ofis.

Na so in zage ki. Na rubuta shafi guda na yaga, don laifin ba naki ke kaɗai ba ne. Akwai abin da na ɓoye miki shekara takwas.

Nunin gaskiya ne, amma ba don shi na nemi Alƙali ba. Na yi niyyar in ya shigo hannuna ba zai koma ba. Tun Kaka na da rai nake son sa. Hutun da na zo a shekarata ta farko a makaranta, kina kasuwa, na tarar da shi zaune gaban hoton yana magana ƙasa-ƙasa da yarenmu. Na tambaye shi, ya kore ni. Na nace har da kuka, kin san ni. Sai ya sa na rufe ƙofa, ya ce:

"Wannan a wurina ba Bature ba ne. Goshin nan da bakin nan na babana ne, haka yake ɗaure fuska in an taɓa masa komarsa ta kamun kifi. Ba a taɓa ɗaukarsa hoto ba, kabarinsa kuma yana ƙarƙashin tafki. Ranar da na fara ganin wannan a bangon Bature sai da cokali ya faɗi daga hannuna."

Ya ce Alƙalin kaɗai ya roƙa da Baturen zai tafi, Uwargida gyara aka yi masa. Ya hana ni faɗa, don kada a coci a ce dattijo yana hira da hoto, a gari kuma a ce Bitrus ya mai da Bature ubansa. Shi da ƙanwarsa Kaka Asibi ta Shanga kaɗai suka sani. Na ce to ya bar mini shi in ya tashi rabo. Ya ce a'a. Ya ce wadda ta zauna da shi ita za ta zauna da ubansa.

Kin ji yadda ya auna mu. Ni aka ba gyara.

Kina kishin jan leshi da firam? Ni shekara takwas ina kishin fo ɗin da kike wankewa. Duk zuwan da na yi, ya nuna ni ga baƙi, amma in ƙishirwa ta kama shi sunanki yake kira, ko ina zaune a gefensa da kofi a hannu. Ranar rabo na ga fitarki, na san kuka kika je yi, na san kuma magana ɗaya za ta share miki shi. Na yi shiru. Bayan ya rasu ba abin da ya hana ni faɗa sai baƙin ciki. Ban so ki san ke kika ci ba. Da na gaya miki, da ko ƙuda ba ki bari ya sauka a kansa ba.

In kina ganin wani sabon wayo ne, ki je Shanga ki tambayi Kaka Asibi. Ita kaɗai ta rage a duniya da ta san fuskar mutumin.

Ki yafe mini in kin iya. Ni ban san ko na yafe miki ba tukuna.

Dorcas.

Wara,
19 ga Agusta, 2023.

Dorcas 'yar'uwata,

Muna nan. Baba lafiya, yara lafiya. Na daɗe ban amsa ba don na rasa ta inda zan fara.

Da farko na ce ƙarya kike. Kwana biyu ina faɗa wa Philip cewa 'yan boko in sun rasa abu sai su ƙago labari don su ɓata wa mai shi rai. Shi sai ya tambaye ni mi ya sa a da, Kaka Asibi in ta zo Kirsimeti, ba ta zama ko'ina sai kujerar da ke fuskantar hoton nan. Na ce don ta fi laushi. Ya ce kujerar katako ce.

Farin bai washe ba. Kullum da safe ina dubawa, kullum yana ƙara faɗi. Ya cinye goshin, ya gangaro kan ido ɗaya, bakin kuma ya koma wani rawaya-rawaya da kumfa a kai. Hular gashin tana nan lafiya lau, da rigar, da maɓallanta har ana iya ƙirga su. Na koma Yelwa wurin mai shagon ko guntayen suna nan. Ya ce an ƙone shara tun tuni, kuma shi ya ce mini in bari ta sha iska. Gaskiyarsa ce, ban yi masa faɗa ba.

Daga nan na wuce Shanga. Na tarar da Kaka Asibi a gindin mangwaro tana ɓarar gyaɗa. Ta tsufa ƙwarai tun jana'iza, amma idonta garau, daga nesa ta kira sunana. Ta sa aka kawo mini ruwa, ta tambayi kowa, har ke. Ta ce kin yi ƙiba ko har yanzu karatu na cin ki.

Ban tambaye ta komai ba. Na ce a raina in labarinki gaskiya ne za ta gane shi ko yaya ya koma, tunda ubanta ne. Na zaro shi daga jaka na miƙa mata. Ta goge hannu a zane ta karɓa. Ta kai shi kusa, ta kai shi nesa, ta karkata shi don ledar na mayar mata da rana a ido. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta miƙo mini.

"Wane ne wanga?"

Na ce wani Bature ne.

Ta ce Allah sarki, ciwo ya yi? Ta koma kan gyaɗarta. Can sai ta matso ta rage murya, ko da ba kowa kusa. Ta ce akwai maganar da ita da Yaya Bitrus suka riƙe, yanzu tunda ya tafi kuma ita ma ta kusa, gara in sani. Ta gaya mini duk abin da kika rubuta, ba ragi. Har da komar. Ta ce ranar da ta ji ni aka ba hoton ta yi barci mai daɗi, don ta san hannuna.

Ina zaune, Alƙali yana kan cinyata a kife.

Da zan tafi ta rako ni bakin hanya tana dogara sanda. Ta ce shekara biyu ba ta ga Babansu ba, kwanan nan kuma in ta rufe ido fuskar ba ta zuwa mata sosai, sai ta yi ta lalube. Ta ce da ruwa ya ɗauke za ta sa a kawo ta Wara ta wuni a falona, ko sau ɗaya ne kafin ta bi su. Ta ce in goge masa gilashi.

Na ce to.

Ruwa zai ɗauke nan da wata biyu. Ke kika yi karatu, Dorcas. Ki rubuto ki gaya mini abin da zan ce mata. In kin kira ma zan ɗauka.

Taubashiyarki,
Zipora.